Muritaniya na niƙe abincin maƙwabtanta

Allah Ya yi wa gaɓar tekun Muritaniya arziki. Ruwa mai sanyi da ke tasowa daga ƙarƙashin Atilantika yana kawo wa kifi abinci, shi ya sa wannan gaɓa mai tsawon sama da kilomita 700 take cikin waɗanda suka fi yalwar kifi a duniya. In ka cire ƙarfe da zinariya, babu abin da ke kawo wa ƙasar kuɗin waje kamar kifi. Amma wani babban kaso na wannan kifi ba ya barin tashar Nuwadhibu a matsayin abincin ɗan Adam. Niƙe shi ake yi ya zama gari da mai, kuma a ganina wannan ita ce hanya mafi asara da ƙasa za ta bi ta sayar da dukiyarta.

Kifin da ake niƙawa ƙanana ne irin su sardinela, wanda Wolof ke kira yaboy, kifin da talakan Senegal da Gambiya ya dogara da shi. Kafin a samu kilo 1 na gari sai an niƙe kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi. Garin yana tafiya China da Turkiyya, man kuma Turai, inda ake ciyar da kifin kiwo irin su salmon da dabbobin gona. A 2021 ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets sun ƙiyasta cewa sama da tan rabin miliyan ake kwashewa duk shekara daga tekun yankin domin wannan sana'a, abin da zai iya ciyar da mutum miliyan 33. Ko da mutum ya ce ƙungiyoyin fafutuka kan zuzuta alƙaluma, masanan Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun shafe shekaru suna cewa kamun sardinela ya wuce kima. Shi kuwa wannan kifi bai san iyaka ba, yana kai-komo tsakanin Maroko da Muritaniya da Senegal da Gambiya. Abin da aka niƙe a Nuwadhibu, matan da ke banda kifi a garuruwan Joal da Mbour na Senegal ne ke rasa shi, daga nan kuma kasuwannin Mali da Burkina Faso da suke aika wa.

Masu kare masana'antun niƙa kifin suna cewa akwai aikin yi da kuɗin waje. Akwai, amma injin niƙa ba ya buƙatar hannaye da yawa idan aka kwatanta da gyaran kifi da daskarar da shi da bandarsa, kuma da dama daga cikin masana'antun da jiragen da ke kai musu kaya na baƙi ne, musamman 'yan China da Turkiyya, don haka riba ba ta kwana a ƙasar. Hujjarsu ta biyu ta fi nauyi: babu isassun ɗakunan sanyi da wutar lantarki, kifin da ba a niƙa ba ruɓewa zai yi. Sai dai an juya zancen ne. Jirgin da ya san injin niƙa zai karɓi kayansa ko ya lalace ba zai ɓata kuɗi kan ƙanƙara ba, mai jari kuma ba zai gina ɗakin sanyi ba muddin niƙa ta fi sauƙi. Batun rashin mai saye kuwa bai taso ba, tunda Najeriya da Kodebuwa da Ghana na shigo da kifin sanyi mai yawa duk shekara, wani ma tun daga Turai.

Abin da ya fi ba da takaici shi ne Muritaniya ta iya ciniki idan ta ga dama. Dubi oktopus, halittar nan mai hannaye takwas da Japan da Sifen ke rububinta. Tun 1984 gwamnati ta kafa kamfanin SMCP domin ya riƙe ragamar fitar da kaya irin wannan, tana rufe kamun oktopus na wasu watanni a shekara don ya hayayyafa, kuma a yarjejeniyar da ta ƙulla da Tarayyar Turai a 2012 ta cire jiragen Tarayyar daga kamunsa, duk da ƙorafin masuntan Sifen. A wannan yarjejeniyar ce kuma aka wajabta wa manyan jiragen Turai masu kama ƙananan kifi su bar kashi 2 cikin 100 na kamunsu don amfanin 'yan ƙasa. Gwamnatin da ta tsaya wa Tarayyar Turai haka ba za ta ce masu injin niƙa sun fi ƙarfinta ba. Ta sha fitar da ƙa'idojin rage niƙa kifin da ya dace da ci, amma doka a takarda ba ta tsayar da mota a ƙofar masana'anta. Matakin da ya rage shi ne a taƙaita niƙa ga kawuna da kayan ciki da ragowar gyara kawai, a ɗaure lasisin kowace masana'anta da yawan kifin da ta daskarar, sannan Nuwakshot ta zauna da Dakar da Banjul su yanka wa kansu kason sardinela da kowa zai kama a shekara.