Ɗan gizo-gizon tarantula ba abin ɗauka a hannu ba ne

Duk mai leƙa TikTok ko YouTube ba zai rasa ganin irin bidiyon nan ba: matashi a Amurka ko Jamus ya buɗe 'yar robar da yake kiwo a ciki, ya fito da ɗan gizo-gizon da bai wuce ƙwayar wake ba, ya ɗora a tafin hannu. Tarantula ke nan, dangin manyan gizo-gizo masu gashi, masu nau'i sama da 1,000, waɗanda a Turai da Amurka ake kiwonsu a ɗaki kamar yadda mu ke kiwon tantabara. Ba ni da ja da kiwon. Abin da nake ja da shi shi ne ɗaukar, musamman ta 'ya'yan.

Masu ɗaukar sukan ce sabo suke nema, wai idan aka fara tun yana ƙarami zai girma ya san mai shi. Wannan tunanin mai kiwon kyanwa ne. Tarantula na da ido takwas amma ganinsa ba shi da ƙarfi, da gashin jikinsa yake jin motsin ƙasa da na iska. A wurinsa hannun mutum wata ƙasa ce mai ɗumi da ke motsi, numfashi kaɗan daga sama kuma alamar maƙiyi ne. Sai ya zabura da gudu, kuma 'ya'yan sun fi manya razana.

A nan hatsarin yake. Cikinsa kamar jakar ruwa ce mai siririyar fata. Faɗowa daga tsayin tebur na iya fasa shi, jinin kuma da wuya ya tsaya. Jinin nan ba rai kaɗai yake riƙewa ba, matsinsa ne ke miƙe ƙafafun, shi ya sa za ka ga mataccen gizo-gizo ya naɗe ƙafafu. Wanda bai faɗi ba kuwa yana iya shigewa hannun riga ko bayan kujera, a take shi wajen nema.

Sai batun saɓa. Ɗan tarantula na saɓa duk bayan 'yan makonni ko watanni: ya daina cin abinci, ya kwanta rigingine kamar ya mutu, ya zare tsohuwar fata. Kwanaki bayan nan jikinsa da fiƙoƙinsa laushi gare su, har gyaren da aka saka masa ya ci yana iya cinye shi. Sabon mai kiwo bai cika gane lokacin da saɓar ta kusa ba, sai ya kai hannu. Macen wasu nau'o'in Meziko, irin su Brachypelma, kan haura shekara 20. Dabba mai tsawon rai irin wannan bai kamata a yi cacar ta don bidiyon daƙiƙa 30 ba.

Shi ma mai hannun bai tsira ba. Yawancin nau'o'in nahiyar Amurka na karkaɗo wasu ƙananan gashi masu ƙaya daga cikinsu idan sun tsorata. A 2010 mujallar likitoci ta The Lancet ta ba da labarin wani ɗan shekara 29 a Leeds ta Ingila da ya yi makonni yana fama da jan ido, ashe gashin tarantularsa ne suka maƙale a ƙwayar idon lokacin da yake share mata gida. Nau'o'in Afirka da Asiya ba su da wannan gashi, amma sun fi zafin nama da ƙarfin dafi, cizonsu kan jawo zogi da ɗaurewar tsoka na kwanaki. Biyu daga cikin waɗanda masu kiwo ke gargaɗi a kansu, Heteroscodra maculata da Stromatopelma calceatum, 'yan nan Afirka ta Yamma ne, a kan bishiyoyi suke zama.

Akwai masu cewa ɗaukar na cire wa mutane tsoron gizo-gizo. Gaskiya ne a wani lokaci, idan ƙwararre ne ya riƙe babba mai sanyin hali yana zaune a ƙasa. Amma ribar ta mutum ce. Ɗan gizo-gizon ba abin da ya samu.

Tilas ɗaya ce ke sa a motsa shi, wato idan gidan ya yi masa kaɗan. Ƙwararrun masu kiwo kan ajiye tsohuwar roba da sabuwa a cikin babban baho a ƙasa, su taɓa ƙafarsa ta baya da burushi mai laushi ya taka da kansa, ga kofi a gefe na kifawa idan ya ɓalle.