Hutun Hunturu Da Gawon Gona

Ga Disamba ya kama, hazo ya rufe gari, ɗakunan kwana sun soma yin shiru. 'Yan'uwanmu na Birnin Kudu da Gwaram wasu sun ɗaure kaya, wasu kuwa suna ta laluben hujjar da za su fake da ita su cinye hutun a Kano ko Dutse. Mun san kuɗin mota ya yi tsada. To, amma dawar da aka sayar a kasuwar Sara aka biya kuɗin makaranta ta fi shi tsada, wanda ya noma ta kuwa yana da hakkin ya ga ɗansa zaune a bakin wuta tare da ƙannensa, ko da sau ɗaya ne a shekara.

A wannan wata ne 'yan'uwanmu Kirista ke shagalin Kirsimeti, manyan kantuna su kafa bishiyar roba su rataya mata fitilu. Al'adar ta samo asali ne daga Jamus wajen ƙarni na 16, ta bazu a Ingila bayan da wata jarida ta buga hoton Sarauniya Biktoriya da iyalinta kewaye da irin wannan itace a 1848. Tun 1947 kuma mutanen Nowe ke aika wa birnin Landan ƙatuwar bishiya kowace shekara, don tukwicin taimakon da aka yi musu a Yaƙin Duniya na Biyu. Dalilin zaɓenta a fili yake: idan sanyi ya tsananta a Turai, yawancin itatuwa sai su kaɗe ganye, ita kuwa ta tsaya kore shar, shi ya sa iyali ke taruwa a gindinta.

Mu ma muna da irinta, sai dai ba mu kula ba. Gawo ke nan. Shi da damina yake zubar da ganye, watau ba ya hana gero da dawa shan rana, ganyen kuma ya zama taki. Sa'ad da kaka ta wuce, ciyawa ta bushe, sai ya tofo, ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Kowane tsohon manomi ya san zangarniyar gindin gawo ta fi ta sauran gona. Abin takaici, ɗalibin da zai iya ba ka labarin dusar ƙanƙara bai san wannan ba, kamar yadda wani ya girma a Birnin Kudu bai taɓa leƙa zanen shanun da ke Dutsen Habude ba.

Lokacin sanyin nan shi ne lokacin da gatari ya fi aiki. Duk mai bin hanyoyinmu ya ga buhunan gawayi da tarin faskare jere a gefen titi. Ba mu zargin talakan da ke neman abin jin ɗumi da na cefane, amma gonar da aka aske ta tas ba ta daɗe tana ciyar da mai ita. Manoman Maraɗi sun ɗanɗana wannan. Daga wajen 1983 suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani, watau a bar tohon da ke fitowa daga kututture, a rage shi, a tsare shi har ya girma. Ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, galibi ba tare da sayen dashe ko ɗaya ba.

Don haka muna kira ga masu tafiya gida, musamman ɗaliban aikin gona, su bi iyayensu gona kafin lokacin sharar daji, su ƙirga gawo da ɗorawa da kukar da suka rage, su tambayi nawa ne a zamanin kakanninsu. A yi maganar barin tohon cikin ladabi, gama gonar ba ta ɗalibi ba ce tukuna. Shafin wasiƙu na fitowa ta gaba a buɗe yake ga duk wanda ya dawo da lissafinsa.