Rana Irin Ta Yau: 5 ga Watan Yuli

Filinmu na wannan wata ya tsaya ne a kan ranar 5 ga Yuli, wadda yaranmu a nan Tamanrasset suka fi sani da hutu da tutoci.

A rana irin wannan ce, cikin shekarar 1830, Dey Husaini, mai mulkin birnin Aljaza'ir, ya sa hannu a takardar miƙa wuya ga Janar de Bourmont na Faransa. Daga bakin teku mamayar ta yi ta gangarowa kudu sannu a hankali, ba ta iso ƙasar Ahaggar ba sai a 1902, sa'ad da aka gwabza da Abzinawa a Tit, kusa da garin nan. A 1962 Faransa ta amince da 'yancin Aljeriya ranar 3 ga Yuli, amma 'yan ƙasa suka zaɓi ranar 5 don bikinsu, domin ranar da aka ƙwace ƙasa ta zama ranar da aka karɓo ta, bayan shekara 132.

Wani abin lura shi ne mutanen da aka haifa a ranar. A 1853 aka haifi Cecil Rhodes a Ingila, mutumin da ya mallake ƙasashe a kudancin Afirka har aka sa musu sunansa, wato Rodeshiya. Yau ƙasashen su ne Zambiya da Zimbabuwe, gunkinsa kuma an cire shi daga Jami'ar Kef Tawun a 2015. A 1911 aka haifi Georges Pompidou, wanda shi ne firaministan Faransa a 1962. Ranar da ya cika shekara 51 a duniya, ita ce ranar da Aljeriya ta yi bikin rabuwa da ƙasarsa.

Sai dai tutar da aka ɗaga ba ta kawar da komai nan take ba. A In Ekker, kimanin kilomita 150 arewa da mu, Faransa ta ci gaba da gwajin makaman nukiliya a cikin dutse har 1966, kuma gubar da ta bari ba ta gushe ba. Ƙoƙon kawunan mutum 24 kuwa, waɗanda aka ajiye a gidan tarihi a Paris, ba a binne su a maƙabartar El Alia ba sai ranar 5 ga Yuli, 2020.

Rana dai ba ta da laifi, ba ta da gwaninta. Aikin mutane ne ke ba ta suna. Saboda haka, iyaye, idan yaro ya ce yau babu makaranta, a zaunar da shi a gaya masa dalili. Sa'an nan a haɗa masa da 3 ga Agusta ta Nijar da 1 ga Oktoba ta Nijeriya, ya san ƙasar da yake zaune da ƙasar kakanninsa hanya ɗaya suka biyo.

Sai wata na gaba, in Allah ya kai mu.