Wankin Hoto Ya Wuce, Ina Makomar Nagatif Ɗin Gezawa?

Duk wanda ya mallaki hankalinsa kafin shigowar wayar salula ƙasar nan a shekarar 2001, ya san cewa a da ɗaukar hoto al'amari ne da ake yi wa shiri. A garuruwa irin su Gezawa da Jogana da Tsamiya Babba, mai hoto kan rataya kyamararsa ya hau keke ko babur, ya bi gidajen suna da na biki da wuraren walimar saukar Alƙur'ani. Fim ɗin da ke cikin kyamarar hoto 24 ko 36 yake ɗauka, kuma ba a cire shi sai ya cika. Idan ya cika, mai hoto ya shiga mota zuwa Kano, ya kai shi ɗakin wankin hoto, galibi a Sabon Gari da kewayenta, inda injin zai wanke shi ya buga a takarda. Masu hoto kuwa suna gida suna jira, wani lokaci mako guda ko fiye, kuma a kan dawo a ce wa mutum nasa ya ƙone, ya yi haƙuri.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba a wannan ciniki shi ne, takardar hoto kaɗai ake ba su. Nagatif, wato wankakken fim ɗin da daga jikinsa ake fitar da kowane kwafi, yana zama a hannun mai ɗaukar hoto, domin shi ne jarinsa idan an dawo neman ƙari. A kan wannan nagatif nake son jawo hankalin masu karatu a yau. Ra'ayina shi ne, tarihin karkarar Kano na kusan shekara 40 yana kwance a tsofaffin akwatuna da buhunan waɗannan bayin Allah, kuma idan ba a tashi tsaye ba, zai salwanta muna ji muna gani.

Yadda sana'ar ta durƙushe ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin Kodak na Amurka, wanda ya sauƙaƙa wa duniya ɗaukar hoto tun 1888, a cikinsa ne wani injiniya mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975. Wannan ƙirƙira ce daga baya ta karya kasuwar fim. Kamfanin AgfaPhoto na Jamus ya karye a 2005, Konica Minolta na Japan ya sanar da barin harkar kyamara da fim a 2006, shi kansa Kodak ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2012. A Kano ma haka abin ya kasance, ɗakunan wankin hoto wasu suka rufe, wasu suka koma buga hotuna daga waya da kwamfuta. Ban zo yin kukan wannan sauyi ba, domin ya sauƙaƙa wa talaka abin da a da sai ya yi tanadi. Damuwata tana kan abin da aka bari a baya.

Mu dubi zamanin da waɗannan hotuna suka shaida. Sun ga farin 1973 da cutar da ta kassara noman gyaɗa a 1975. Sun ga ɗaliban farko na shirin ilimin firamare kyauta na 1976 sanye da sababbin kayan makaranta. Sun ga mafi yawan zamanin Sarkin Kano Ado Bayero, wanda ya yi mulki daga 1963 zuwa 2014, da yadda hakimai da dagatai ke fita ranar Sallah. A bayan amarya ko alhajin da aka ɗauka, za a ga ginin ƙasa da rumbu da gawo da ɗorawa a gona, da irin saƙa da ɗinkin da aka daina yayi. Masanin ƙasa Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazarin yadda manoman kewayen Kano ke noma fili ɗaya kowace shekara da takin gargajiya ba tare da ƙasar ta mutu ba, har turawa suka riƙa kafa misali da yankin. To amma fuskokin waɗannan manoma da iyalansu, mai hoton ƙauye ne ya adana su.

Matsalar ita ce nagatif ba ya jira. Launin fim mai kala rini ne, zafi da haske suna kodar da shi sannu a hankali. Laimar damina tana sa shi ya yi fumfuna ya manne da ɗan'uwansa, ƙurar hunturu tana karce shi, gara da ɓera kuma suna cin ambulan da aka zuba shi. Tsohon fim idan ya fara ruɓewa yakan yi wari mai tsami, ya lanƙwashe, daga nan ba ya gyaruwa. Ga kuma ajali. Idan mai hoto ya rasu, magada sukan ɗauki buhun a matsayin tarkace, domin babu wanda ya taɓa nuna musu cewa yana da daraja.

Wasu ƙasashen sun riga mu farga. A Bamako ta ƙasar Mali, Seydou Keita da Malick Sidibe masu hoton unguwa ne kamar namu, suna ɗaukar 'yan biki da samari da 'yan mata. Da yake sun adana nagatif ɗinsu a tsare, sai ga shi duniya ta zo tana nema, har aka ba Sidibe babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Banis da ke Italiya a 2007. A nan gida ma, hotunan Solomon Alonge, mai hoton fadar Oba na Benin, an baje su a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington a 2014. Ban ga dalilin da zai sa abin da aka ɗauka a Ketawa ko Wangara ya gaza wannan daraja a wurin jikokin waɗanda ke ciki ba.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu abin saurare ne. Wasu za su ce ƙaramar hukumar da ke fama da batun taki da ruwan sha da ajujuwa, ina ta ga kuɗin tsofaffin hotuna? Amsata ita ce, aikin bai wuce na'urar sikana mai karanta fim da kwamfuta da ɗaki mai sanyi marar laima da matasa biyu ko uku da aka horar ba. Wasu kuma za su kawo batun sirri, cewa a ciki akwai hotunan matan aure da aka ɗauka a cikin gida domin iyali kawai. Wannan gaskiya ne, shi ya sa dole ya zama sharaɗi cewa ba za a nuna hoton kowa a bainar jama'a ba sai da yardarsa ko ta magadansa. Wanda kuma fahimtarsa ta addini ba ta amince da ajiye hoto ba, a mutunta ra'ayinsa a cire nasa.

Don haka ina kira ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, da Gidan Makama, da Sashen Tarihi na Jami'ar Bayero, su haɗa hannu da Ƙaramar Hukumar Gezawa a fara gwaji a nan. A bi ta hannun hakimi da dagatai a gano tsofaffin masu hoto, a zauna da su tun suna raye su faɗi suna da gari da shekarar kowane hoto, domin hoton da ba a san ko na waye ba rabin amfaninsa ya tafi. A kwafe nagatif ɗin a kwamfuta, a mayar wa mai shi kayansa tare da ladan wahalarsa, a kuma rubuta sunansa a kan aikinsa. Ɗakin karatu na ƙasar Ingila yana da shirin tallafa wa ceto kayan tarihi masu fuskantar salwanta tun 2004, kuma malaman jami'o'inmu sun san hanyar neman irin wannan tallafi.

Mu ma masu karatun wannan shafi akwai abin da ya rataya a wuyanmu. Mafi yawanmu daga irin waɗannan garuruwa muka fito. Idan an je gida hutun Sallah, a nemi mai hoton da ya ɗauki bikin iyaye, a tambaye shi ko akwatinsa na nan, a saya masa ambulan masu tsabta, a biya a kwafe wanda ya shafi dangi. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma kowace damina da ta wuce tana tafiya da wani abu daga cikin wannan dukiya. Allah Ya sa masu abin yi su ji, su kuma aikata.