Littafin da anka hana buɗewa gawa ce cikin leda



Yau da gardama na zo, kuma daga cikin gidanmu ta taso. Satin da ya wuce munka buɗe akwatin ƙarfen yayanmu, Allah shi jiƙan shi. Ƙarƙashin tsoffin takardun lakkwal sai ga tarin littattafan labarin zane, waɗanda ƴan boko ke ce ma "bede": Akim, Zembla, Blek, da ƴan kwafin Kouakou da gara ta ci ma gefe. Duk wanda ya zauna bencin lakkwal a shekarun 1970 da 1980 ya san su. Ban gama kakkaɓe ƙura ba sai ɗan marigayin ya riƙe mini hannu: "Baba, bar taɓa su haka, kuɗi ne! Na gani a waya, Turawa na rufe irinsu cikin roba ana saida su miliyoyi. Mu kai su a yi musu plastifiye."

Na ce mishi a'a. Kuma tunda na san ba shi kaɗai ya ga bidiyon nan ba, bari in faɗi dalilina a bainar jama'a.

Abin da yaron ya gani ba ƙarya ba ne. A Amurka akwai kamfani mai suna CGC, a jihar Florida, wanda tun shekarar 2000 aikinsa ke nan. Ka aika musu littafinka, ka biya, masanansu su duba shi shafi shafi, su ga ko an yi mishi gyara ko an taɓa launinsa, su ba shi maki daga 0.5 zuwa 10. Sannan su garƙame shi cikin akwatin roba mai tauri, su liƙa makin a sama. Ranar da ka fasa akwatin don ka karanta, makin ya tashi aiki. A watan Afrilun 2024 an saida lamba ta farko ta Action Comics, wadda Superman ya fara fitowa cikinta a 1938, kan dalar Amurka miliyan 6, wato sama da miliyar 3 na sefa. Makinta 8.5. Littafin da anka saida senti 10 ranar da ya fito!

To, jama'a, ina tambaya: wanda ya biya wannan dukiya, me ya saya? Bango yake gani gaba da baya. Labarin da ke ciki, wanda don shi anka zana littafin, an yi mishi ɗaurin rai da rai. Mun san irin wannan a gidajenmu: kwanonin jere na iyayenmu mata, a goge su, a jera su har rufin ɗaki, amma ba mai cin tuwo ciki. Su dai kwanoni don ado anka saye su, ba su yi asarar komi ba. Littafi kuwa in ba a buɗe shi ba, aikinsa ya ƙare.

Ba zan yi musu rashin adalci ba. Makin nan yana da amfani ga mai ciniki daga nesa. Wanda ke Paris zai sayi kaya daga New York bai gani da ido ba, dole ya nemi dillalin da zai tsaya tsakani. Mu ma ba mu sayen rago sai an taɓa ƙugunsa. Amma ku dubi inda abin ya kai su. Tsakanin maki 9.6 da 9.8, bambancin da idonka ba ya gani, kuɗi na iya ninkawa. Har goge littafi suke da inji mai zafi don ya miƙe ya ƙara maki. Kuma a ƙarshen 2023 an gano wasu na buɗe akwatunan suna musanya littafin ciki da mai ƙarancin daraja, har kamfanin da kansa ya fito ya amsa cewa an yi hakan. In lamba ta fi abin da ke ciki daraja, ɓarawo lambar zai bi.

Yanzu mu dawo gida, don nan ne abin ya fi ƙona mini rai. Na farko, ɗana, kallon kitse kake ma rogo. Akim daga Italiya ya fito, Zembla da Blek kamfanin Lug na birnin Lyon ya buga su da Faransanci, dubbai bisa dubbai, kan takarda mafi arha. Kouakou, da ya fara fita a 1966, don yaran ƙasashen Afirka masu Faransanci anka yi shi, ana raba shi ko'ina. Namu kwafin sun bi hannun yara hamsin, sun sha zufa da man ƙosai. Kuɗin aika su Amurka kaɗai ya fi abin da za a saye su.

Na biyu, plastifiye da ake yi a shagunan fotokofi ba irin akwatin can ba ne. Akwatin Amurka ana iya fasa shi a fiddo littafi lafiya lau. Injin leda kuwa da zafi da gam yake manne takarda, kuma ba ta ɓantaruwa har abada. Kafin ma a sa littafi cikin inji sai an warware shi shafi shafi. Tsohuwar takarda da ta riga ta bushe, wannan kisa ne da sunan magani.

Na uku, darajar littattafan nan ba a bangonsu take ba. Da yawa cikinmu Faransancin da muke taƙama da shi yau, ba a allon mushe kaɗai munka koye shi ba. A gindin bedi munka koye shi, mutum biyar kan littafi guda, wanda ya fi iya karatu na fassara ma sauran da Hausa. Ka ba da Akim a ba ka Zembla, ka maido gobe ko a yi dambe. Kuma ban ce duk abin da ke ciki alheri ne ba. Ku sake duba su da idon manya: Bature ne sarkin daji, baƙar fata na bayansa yana bin umurni. Wannan ma dalili ne na buɗe su gaban yaranmu, a nuna musu yadda anka zana mu, a tambaye su ko sun yarda. Littafin da ke cikin roba ba ya ta da wannan zance.

Amma kar mu yi ta dariyar Turawa mu manta da namu laifi. Su sun so littafi har sun shaƙe shi, mu kuwa mun bar shi ga gara da ɓera da ɗigon damina. Nawa ne cikinmu munka sayi gyaɗa ko tsire, munka tarar an ƙunshe muna shi cikin shafin littafin da ba za a sake bugawa ba? Ga takardar buhun simintin Malbaza nan ba ta ƙare ba, don me sai littafi? Kuma ba "bede" kaɗai ba: tsoffin kwafin Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da ƴan kasuwa sunka shigo da su daga Sakkwato, da takardun ajami na kakanninmu, duk hanya guda suke bi. Tarin rubuce-rubucen hannu da ke cibiyar IRSH a Yamai, wanda Boubou Hama ya fara tarawa, yana da amfani ne don masu bincike na zuwa su buɗe su karanta.

Abin da za a yi ba shi da tsada. A ɗaga akwati daga ƙasa a ɗora kan bulo, a nisanta shi da bangon laka. A naɗe littattafai cikin ƙyalle mai tsabta. Kar a liƙa musu salatif, tabonsa ba ya fita. A duba su kafin damina da bayanta. Wanda ya tsufa ƙwarai a ɗauki hoton shafukansa da waya, yara su karanta a nan, asalin ya huta. Wanda ke da sauran ƙarfi kuwa a ba yaro, a ce ya wanke hannu, ya maido ranar Juma'a.

Haka munka yi. Ɗan marigayin ya ɗauki Zembla guda yana ƙunƙuni. Da dare na leƙa na tarar da shi da ƙannensa uku kan tabarma, an haska fitilar waya, yana fassara musu. A shafi na biyu ya ci karo da sunan babansa, rubuce da biro, da ajinsu a ƙasa. Da mun rufe shi cikin leda, wa zai gani?

Allah shi jiƙan magabatanmu, shi ba mu ikon riƙe abin da sunka bar muna.