Agadas Ba Juji Ba Ce, Malam

Yau da ɓacin rai na zauna rubutu. Jiya bayan la'asar muna zaune a majalisarmu nan Chaza, na ce idan Allah Ya kai ni lokacin ajiye aiki Agadas zan koma, garin da aka yanke mini cibi. Sai wani bawan Allah, wanda ya je Dubai sau biyu, ya bushe da dariya ya ce, "Haba Malam, me ake yi a can ban da rairayi da raƙuma?"

To ga amsarka, tunda jiya ba ka bari na kai aya ba.

Ita Dubai ɗin a bakin dausayi aka gina ta? A Amurka akwai wani gari a tsakiyar hamada, Palm Springs, zafinsa da bazara yakan haura digiri 40 kamar namu, amma tsofaffin da suka yi ritaya rububinsa suke yi da sanyi. Su sun mayar da hamadarsu abin alfahari. Mu tamu muke yi wa dariya.

Agadas tana da sarauta tun ƙarni na 15, fadar Sarkin Abzin tana nan har gobe. Hasumiyar babban masallacinta, mai tsawon mita 27, da zallar ƙasa aka gina ta wajen 1515, aka sabunta ta a 1844. A garin nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru yana ɗaukar karatu. Ta nan ayarin gishirin Bilma ke biyowa zuwa ƙasar Hausa. Baturen Jamus, Heinrich Barth, ya taka ƙafa ya zo a 1850, kai da ke jin Hausa kamar mutanen garin ba ka taɓa sha'awar leƙawa ba. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya.

Ba zan yi maka ƙarya ba, watan Mayu da Yuni rana ba ta da wasa, ruwan sama kuma kaɗan ne. Amma ka zo a Disamba ko Janairu, da dare sai ka nemi bargo. Ka hau duwatsun Abzin zuwa Timia ka sha lemo a gindin bishiyarsa. Ka je Dabous ka ga raƙuman dawa da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse. Ka halarci bikin Bianou, ko taron makiyaya na Ingal a watan Satumba.

Laifinmu ma zan faɗa. Mun jingina abincinmu kacokan a kan Turawa 'yan yawon buɗe ido. Tawayen 1990 ya kore su, na 2007 ya ƙara, gasar motocin Dakar ta tattara ta koma Kudancin Amurka a 2009. Maƙeran azurfa da masu yi wa baƙi jagora suka wayi gari hannu rabbana, matasa da yawa suka koma jigilar bakin haure zuwa Libiya. Matsalar tsaro kuwa gaskiya ce, ban ce kowa ya kama hanya ido rufe ba. Sai dai da a ce 'yan Kano da Katsina da Suleja sun saba zuwa, da tafiyar Bature ba ta zame mana mutuwar kasuwa ba. Mai kwana a tabarmar aro, ranar da aka karɓe ta a ƙasa zai kwana.

Na gode wa Suleja, ta riƙe ni, 'ya'yana a nan suka tashi suna kallon Dutsen Zuma. Amma tsufana a inuwar waccan hasumiya nake roƙon Allah Ya sa na yi shi. Kai kuma Malam, ɗakin baƙi yana jiranka, shayi a kaina.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.