Buɗaɗɗiyar manhaja: kurakurai huɗu da ake karantawa a jaridu

Kwamfuta ta shiga burorin gomnati, ta shiga asibiti da lekol, ga kuma wayar salula a hannun manomi da ɗan kasuwa. Takardun haihuwa, albashin ma'aikata da lissafin haraji duk sun fara komawa cikin na'ura. Saboda haka maganar tsaron kwamfuta ta shafi kowa. Ma'aikacin da aka ɗora wa sayen kayan aiki, sau da yawa abin da ya karanta a jarida ko ya ji a rediyo shi ne iyakar saninsa. In labari ya zo masa a karkace, shawararsa ma a karkace za ta fito, kuma da kuɗin talakawa za a biya.

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke tafiyar da sauran, ana iya ce mata uwar manhaja. Da rubutun umarni ake gina ta, layi bisa layi. Windows ta kamfanin Microsoft rufaffiya ce, rubutunta yana hannun kamfanin, ba kowa ke ganinsa ba. Linux kuwa buɗaɗɗiya ce. Wani ɗalibin jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991, kuma kowa na da izinin karanta rubutunta, ya gyara, ya rarraba. A kanta aka gina Android da ke cikin mafi yawan wayoyin hannu. A lissafin watan Nuwamba na 2017, kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya duka da Linux suke aiki. Duk da haka akwai kurakurai huɗu da masu rubutun fasaha ke yawan maimaitawa game da ita.

Kuskure na farko shi ne cewa manhajar da kowa ke iya karantawa ba ta da tsaro, tun da ɓarawo ma zai karanta. Maganar tana da daɗin ji, amma a dubi kwaɗon da ake rufe shago da shi. Kowane maƙeri ya san yadda cikinsa yake, ana sayar da irinsa a kasuwa, duk da haka yana tsare kaya, domin asirin yana ga makulli. Masana sun daɗe da sanin wannan. A 1883 wani malami ɗan asalin Holan da ke koyarwa a Faransa, Auguste Kerckhoffs, ya yi rubutu kan wasiƙun sirri na soja. Ya nuna cewa dabara mai kyau ita ce wadda ko ta faɗa hannun abokan gaba ba za ta amfane su ba, muddin makullin yana ɓoye. A kan wannan ƙa'ida aka gina tsaron bankuna da na intanet.

Rufe rubutu kuwa bai taɓa hana ɓarna ba. Ran 12 ga Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 masu aiki da Windows a ƙasashe wajen 150. Ta kulle takardun mutane, ta nemi kuɗin fansa. A Ingila asibitoci sun ɗage ganin dubban marasa lafiya. Kafar da aka bi, hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta riga ta san da ita, ta ɓoye domin aikinta, har aka sace mata dabarar aka watsa. Kamfanin Microsoft ya fitar da faci tun watan Maris, wata biyu kafin abin ya auku. Waɗanda ba su sa facin ba su ne suka sha wuya.

Kuskure na biyu shi ne ƙidayar kafofi ba tare da duba ma'anarsu ba. Tun 1999 akwai wani kundi da ake kira CVE, inda ake ba kowace kafa da aka gano lamba. Wasu ƴan jarida sukan ƙirga lambobin shekara su ce manhajar da ta fi yawa ita ta fi haɗari. A watan Fabrairu na 2024 masu kula da Linux suka samu izinin ba da lambobin da kansu, suka ɗauki hanyar rubuta kusan kowane gyara da ka iya shafar tsaro. Nan da nan lambobin suka kai dubbai. Manhajar ba ta lalace ba, rajista ce ta ƙaru. Garin da ke da likita mai rubuta kowane mara lafiya zai fi ƙauyen da ba shi da asibiti yawan cututtuka a takarda, kuma ba mai hankalin da zai ce ƙauyen ya fi lafiya.

Har wa yau akan ɗora wa Linux laifin da ba nata ba. A watan Oktoba na 2016 wata manhaja mai suna Mirai ta tara dubban kyamarori da akwatunan raba intanet, aka yi amfani da su aka tsayar da manyan shafuka kamar Twitter da Netflix na wasu awoyi a Amurka. Da yake na'urorin da Linux suke aiki, aka yi ta kiran abin cutar Linux. Alhali kuwa Mirai ba ta fasa komi ba. Kalmomin sirri kimanin 60 da masana'antu ke sakawa tun daga fari ta riƙa gwadawa, ta tarar masu kayan ba su canza su ba. Wanda ya bar makulli jikin ƙofa ba ya zargin maƙeri.

Kuskure na uku daga masoya Linux yake fitowa, kuma ya kai na farko haɗari. Su kan ce tun da idanu da yawa na kallon rubutun, ba abin da zai ɓuya. Izinin dubawa daban ne, dubawar kanta daban. A watan Afrilu na 2014 aka gano kafar da aka sa wa suna Heartbleed cikin OpenSSL, wata buɗaɗɗiyar manhaja da ke tsare saƙonni tsakanin mutum da shafin intanet. Shekara biyu kafar ta yi a fili ba wanda ya lura. Da aka bincika sai aka tarar manyan kamfanonin duniya suna cin moriyar manhajar, amma gudummawar da masu kula da ita ke samu ba ta wuce wajen dalar Amurka 2,000 a shekara ba, wato kusan miliyan ɗaya na sefa a lokacin. Kowa ya ɗauka wani yana gadi.

A 2024 an ga abin da ya fi wannan. Wata ƙaramar manhajar matse takardu mai suna xz, wadda ke cikin kusan kowace Linux, mutum ɗaya ne ke kula da ita ba albashi. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya yi fiye da shekara biyu yana taimaka masa har aka amince da shi, sa'an nan ya dasa ɓoyayyar ƙofa. Wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga kwamfutarsa daga nesa yana jinkirin rabin daƙiƙa. Ya bi diddigi har ya gano dashen, ya sanar ran 29 ga Maris, kafin gurɓataccen kwafin ya kai ga yawancin jama'a. Darasi biyu ke nan. Gajiyar mutum ɗaya ta ba mugu hanya, buɗewar rubutu kuma ta ba wani damar kama shi. Jaridar da ta faɗi ɗaya ta bar ɗaya, rabin labari ta bayar.

Kuskure na huɗu ya shafi ƙa'ida. Akan rubuta cewa Linux iri-iri ce, akwai Debian, akwai Ubuntu, akwai Fedora, don haka ba ta da ma'auni ɗaya. Akan kuma ɗauka abin da ya fi yawa a kasuwa shi ne ƙa'ida. Ƙa'ida yarjejeniya ce rubutacciya wadda kowa ke iya karantawa ya bi, kamar kilo da mita. Ko wane ne ya ƙera sikeli, kilo ɗaya ne a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Akwai ƙa'idar POSIX ta 1988, wadda Linux ke bin mafi yawanta. Akwai ODF ta ajiyar takardun buro, wadda hukumar ma'auni ta duniya ISO ta amince da ita a 2006. Rufaffiyar manhaja ma tana iya bin buɗaɗɗiyar ƙa'ida.

Masu rubutu da Hausa sun san amfanin wannan. A da, kowane buro da irin haruffansa na musamman, in aka kai takarda wata kwamfuta sai ƙ da ɗ da ɓ da ƴ su rikiɗe su zama wasu alamu. Ƙa'idar Unicode, wadda aka fara fitarwa a 1991, ta ba kowane harafi lambarsa, shi ya sa saƙon Hausa ke isa ko'ina yadda aka rubuta shi. Jandarmomin Faransa ma ta wannan hanya suka bi. A 2005 suka koma ga OpenOffice domin rubutun buro, daga 2008 kuma suka fara mai da dubban kwamfutocinsu kan Ubuntu. Sun fara kuɓutar da takardunsu kafin su canza uwar manhaja.

Saboda haka ɗan jarida, kafin ya rubuta cewa manhaja kaza ba ta da tsaro, ya kamata ya tambaya: a ina kafar take, an riga an yi amfani da ita, faci ya fito, su wa ba su sa shi ba? Ma'aikacin gomnati kuma, kafin ya sa hannu a takardar saye, ya tambaya: wa ke kula da manhajar, shekara nawa za a ci gaba da gyara ta, akwai ƴan ƙasa da aka horar su riƙa sa faci a kan kari, kuma takardun za su buɗu nan da shekara 30 in kamfanin ya rufe? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuɗin da za a ware wa masu yaɓe bangon, a sa shi cikin kasafi tun ranar da aka sayi kwamfutar.